Akwatin da Ke Ƙarƙashin Gadon Maijego

Hajiya Biba ba ta yarda da aikin surukinta ba tun kafin ta hau jirgi. A Damagaram, in mata suka tambaye ta abin da mijin ƴarta Zainabu yake yi a Faransa, sai ta ce malami ne, ta yi maza ta kawo wata hira. Da wane baki za ta ce aikin kifi yake yi? Yaron da aka haifa a unguwar Birni, wanda ko tafkin bayan gari bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba, ya yi karatu har ana ce masa dokta, a ce ƙarshenta kifi?

Ta iso Lyon a shekarar 2013, cikin Zainabu ya tsufa, don ta yi mata wankan jego. Ta sauka a gidansu, hawa na uku a wani lungu na La Guillotière, ta zuba ido. Mutumin da ake cewa yana aikin kifi bai taɓa shigowa da ƙarni ba. Bai taɓa kawo ko wutsiya a leda ba. Rabin mako yana Paris, rabi yana gida, hannunsa tas kamar na akawu. Ran nan ma ta sayo kifin ton na gwangwani a butik ɗin ƙasa, wato shagon ƙasan benen, irin wanda ake zuba wa burodi, sai ta ga surukin nata Kamalu ya ɗauka yana juyawa, yana karanta ƙananan rubutun jikinsa, ya ajiye a hankali. Washegari Zainabu ta ce wai a daina sayen wannan, akwai wani da aka kama ta hanyar kirki. Kifi ma yana da hanyar kirki? Hajiya ta ce to, ta adana a ranta.

Da wani ne, da tuni ta zaunar da shi ta titsiye shi. Amma suruki ne, kun kuwa san yadda abin yake. Kullum da safe sai ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya ce, "Hajiya, an tashi lahiya?" Ita kuma ta ja mayafi, ta amsa wa bango. Ba ta kama sunansa, ba ta cin abinci a gabansa. Gidan ga shi ƙanƙane, in suka yi kiciɓis a hanyar banɗaki kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Zainabu kuma ƴar fari ce, a hannun kakarta ta tashi, ita ma ba a kama sunanta, ba a doguwar hira da ita. To wa za a tambaya?

Da Allah ya sauki Zainabu lafiya, aka samu namiji, sai gidan ya samu ɗan aike. Hajiya ta ɗora jaririn a cinya ta ce, "Maigida, ka ce wa babanka kanwa ta ƙare." Kamalu daga falo ya ce, "Ka ce wa Hajiya yanzu zan sauka in sayo." Haka aka riƙa yi, yaron da bai buɗe ido sosai ba yana ta kai saƙo.

Ba a daɗe da dawowa daga asibiti ba sai ga wata Baturiya, doguwa, gashi a yanke kamar na namiji, wai ita Carine, abokiyar aikin Kamalu daga Paris. Ta shigo rungume da wani faffaɗan akwatin roba, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta miƙa kumatu, Kamalu ma ya miƙa nasa, muc, muc, a gaban idon Hajiya. Ta yi wa Zainabu ma haka, amma wannan Hajiya ba ta sa shi a lissafi ba. Suka tsaya a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, don kada su tada jariri, Carine tana nuna akwatin tana ɗaga yatsa. Lokacin wanka ya yi, Hajiya ta shiga gasa Zainabu da ruwan zafi da ganyen bedi, wato darbejiya, da ta taho da shi daga gida. Ko da ta fito, babu Baturiya, babu akwati.

Gara a faɗi abin da ke cikin akwatin nan tun yanzu. Aikin Kamalu a kan kifin ton yake, manyan nan na tekun da ke gaban Abijan. Masu manyan jiragen kamun kifi sun gano wata dabara. Sai su ɗaure gora da katako kamar ƴar rumfa, su saki a teku. Kifi ya taru a ƙarƙashi kamar tumaki a gindin gawo da rana tsaka. Jirgi ya dawo ya zagaye su da koma mai faɗin unguwa guda, ya kwashe kowa da kowa, manya da ƙananan da ba su taɓa yin ƙwai ba, har da kunkurun ruwa da ba ruwansa. Masu jirage suna cewa ƙananan ba su da yawa. Su Kamalu suna cewa suna da yawa, in ba a hana wannan kamu na wasu watanni a shekara ba, wata rana koma za ta fito wayam. To ba a zuwa taron ƙasashe da na-ce-ka-ce, sai da shaida. Shaidar kuwa tana cikin kan kifin. Allah ya sa masa wasu ƴan fararen duwatsu a kunne, ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. In aka yanka aka duba da madubin likita, sai a ga zobe-zobe kamar na albasa, a ƙirga a san daɗewar kifin a duniya.

Shekara biyu Kamalu yana bin jirage, yana amai, yana fasa kawunan kifi, yana ciro duwatsun da hantsaki. Na kowane kifi ya naɗe su a ƴar takarda, ya ja layi gida-gida ya rubuta lambobi: wane kifi, wace rana, wane wuri. Ana gyaran labo, ɗakin bincikensu a Paris, shi kuma yana hutun haihuwa, shi ne Carine ta kawo masa ya jera su kafin a kai wa injin yanka. Ya nemi wuri busasshe inda ba mai taɓawa. Duk gidan, ƙarƙashin gado kaɗai akwatin ya shiga. Gadon maijego.

Yaron kuwa, tun ranar da Baturiyar ta zo bai bar kuka ba. Gaskiya tun kafin ta zo ma yana yi, amma Hajiya daga ranar ta fara lura. Likita ya ce iska ce a ciki, za ta wuce. Zainabu ta rame. Kamalu ya koma kwana a falo kamar yadda ya dace, amma kullum talho a kunne, kuma cikin duk Faransancin da yake zubawa kalma ɗaya Hajiya take tsinta: Carine, Carine.

Wata safiya Zainabu tana banɗaki, Hajiya ta ɗauki tsintsiyarta ta kaba, don ba ta yarda da injin nan mai gurnani ba, ta zura ƙarƙashin gado. Tsintsiya ta bugi wani abu. Ta durƙusa ta jawo. Akwatin ne.

Ta yi bisimilla ta buɗe. Ƴan takardu ne a naɗe kamar layu, sahu-sahu, hawa kan hawa, sun fi gaban ƙirge. A jikin kowace an ja layi gida-gida an cika da lambobi, sak hatimi. Ta warware ɗaya. Wasu ƴan fararen abubuwa guda biyu, kamar haƙoran ɓera. Ta kai hanci, ta ji wani ɗan ƙarni-ƙarni.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. Ta dubi inda akwatin yake, daidai saitin kan maijego. Ta dubi jaririn. Ta mayar da akwatin yadda ta same shi, ta ƙulle takarda ɗaya a bakin zane, ta sauka.

Mai butik ɗin ƙasa, Mairamou, mutuniyar Cadi ce, tana sayar da kanwa da busasshiyar kuɓewa da turaren wuta. Ita kaɗai ce Hajiya take sakewa da ita a duk garin.

"A'a, Hajiya! Ina maijego? Ina angon naki?"

"Yana can yana kiran salla. Mairamou, tura ƙofar nan."

Ta kwance bakin zane. Mairamou ta leƙa, ta ja baya, ba ta taɓa ba.

"A ina?"

"Ƙarƙashin gado. Akwati guda. Baturiyar nan ta kawo, da idona na gani. Shi kuma ya karɓa ya ɓoye." Hajiya ta ƙara da cewa, "Abin da ya ɗaure mini kai, Nasara ma suna yin wannan?"

"Wace? Mai askin maza? Ai wannan ta daɗe a Abijan, Zainabu ce ta gaya mini. Wanda ya zauna Abijan, Hajiya, mi ne ne bai gani ba?"

"Farraƙu ne. So take ta raba su."

"Ni dai ban ce ba," in ji Mairamou, ko da yake idonta ya riga ya ce. "Ki tambayi Kamalu mana."

"In tambayi wa? Ke ma kin san ba dama. In ma an tambaye shi, wanda aka riga aka shanye mi zai ce?"

"To ki kai gada ki watsa a kogi. Ga Rhône nan kusa."

Hajiya ta girgiza kai. Irin wannan ba a zubarwa haka nan, sai mai sani ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba yana can cikin ruwa yana ci gaba da aiki. Ƙanenta Mamadu yana Montreuil, gefen Paris, a foye, gidan nan na ma'aikata baƙi, ya kuma sha yaba mata wani Malam Soumaïla da suke hawa ɗaya. Mamadu zai zo suna. Sai ta jira.

Ranar suna gida ya cika. Aka raɗa wa yaro Moutari. Maza suna falo, mata suna ɗaki, Hajiya tana kicin, ƙofa a ɗan buɗe. Ta jiyo Mamadu yana tsokanar Kamalu, don shi kawun amarya ne, bakinsa ba linzami.

"Kai dokta, ni fa har yanzu ban gane ba. Mu da ko teku ba mu da ita, kai ne za ka hana Turawa kamun kifi?"

"Ba hanawa ba ce, Kawu. A bar ƙanana su girma su hayayyafa. In ka yanka ƴan maruƙa duka, baɗi mi za ka tatsa?"

"To ƙaƙa kake sanin yaro da babba? Kifi yana yawo da takardar haihuwa?"

Aka kwashe da dariya. Kamalu ya ce, "Madalla da tambaya. Bari in nuna maka wani abu," har ya yunƙura zai tashi, sai ga tiren naman suna an dire a tsakiya. Maganar kifi ta mutu a nan.

Carine ma ta zo, cikin atamfa ɗinkin Abijan. Ta shiga ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta karɓi Moutari tana yi masa wasa. Hajiya ta tsaya a ƙofa tana kallon diddigenta, tana ganin yadda yake lilo kusa da ƙarƙashin gado. Wato dubawa ta zo yi ko ajiyarta tana nan.

Da yamma baƙi suka watse, Kamalu ya raka wasu tasha, Zainabu ta yi barci. Hajiya ta jawo akwatin ta naɗe da tsohon zane, ta sa a babbar jaka, ta ɗora ƙullin soyayyen nama a sama, ta kira Mamadu kicin.

"Ka kai wa Malam hannu da hannu. Ka ce a ƙarƙashin gadon maijego na samu. Kada ka buɗe."

"Yaya Biba, mi ke ciki? In ƴan sanda suka tare ni a gar ɗin jirgin ƙasa in ce mi?"

"Ka ce naman suna ne. Kuma ka gaya masa, ko mai gidan nan ya zo da kansa yana kuka, kada a ba shi. Sai in ni aka gani."

Mamadu ya ga fuskarta, ya bar wasa. Ya ɗauki jaka ya tafi.

Kamar da gangan, yaron ya samu barci a kwanakin da suka biyo. Hajiya ta riƙa dama kunun kanwa tana ƴar waƙa.

Ranar da hutun Kamalu ya ƙare, ya yi shirin Paris, ya tsaya a ƙofar ɗaki. "Moutari, ka ce wa Hajiya zan ɗan shigo in ɗauki kaya." Ta fita ta ba shi wuri. Ta jiyo shi ya durƙusa. Sai aka fara jan gado. Aka buɗe kabad, aka zazzage jakunkuna, aka leƙa har bayan firigon sanyaya abinci. Zainabu ta rantse ba ta ma san inda ya ajiye akwatin ba. Can ya zo ƙofar kicin, gumi a goshinsa.

"Moutari, ka tambayi Hajiya, ko ta ga wani akwatin roba?"

Hajiya ta dubi tukunya. "Ka ce wa babanka ni baƙuwa ce. Ban san kayan gidan nan ba."

Kamalu ya zauna ya dafe kai. Wa ya san inda akwatin yake? Shi da Carine. Wa ya shiga ɗakin ranar suna, ya zauna a kan gadon? Carine. Kuma watan jiya, tana dariya, ta ba shi labarin wata ƙungiyar masu jirage da ta yi mata tayin aiki. Ya ɗauki talho. Hajiya ba ta taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. "Non, Carine! C'est pas possible!" Yana kai da kawo, yana bugun tebur, har ya kashe talhon ya jefa kan kujera.

Daɗi ya kama Hajiya. Ta lallaɓa ta kira Mamadu. "Ka ce wa Malam aiki ya fara ci. Ya ci gaba."

Ta ɗauki kwanon kunu ta kai ɗaki, sai ta tarar da Zainabu tana shayarwa, hawaye na ɗiga kan jaririn. Zainabu ba ta ɗago ba. Da yaron ta yi magana.

"Moutari, babanka ya shiga uku. Wahalar shekara biyu ta tafi. Watannin da ya bar ni ni kaɗai a gidan nan yana teku, duk a banza. Yau zai je ya kai ƙarar Carine wurin shugabansu. In ta tabbata, an kore ta. In ba ta tabbata ba, shi za a kora."

Hajiya ta ajiye kwanon. "Ka tambayi uwarka, mi ke cikin akwatin da ake wannan tashin hankali?"

"Duwatsu ne, na kunnen kifi. Da su ake sanin shekarunsa. Kowane kifi da takardarsa da lambarsa."

Hajiya ta fita. Kifi da kunne? Wato har yarinyar ma an shanye ta, an ba ta labari ta haddace. Haka ta gaya wa kanta a kan matakala, amma ƙafarta ba ta tsaya ba sai butik ɗin Mairamou. Ta ce a ba ta karfasa ɗaya daga firiza, mai babban kai. Ta hau, ta rufe ƙofar kicin, ta jiƙa kifin a ruwan zafi, ta sa wuƙa ta tsaga kan. Ta tona da yatsa, ta tona, tana fatan kada ta samu komai. Sai ta ji wani abu mai tauri. Ta ciro. Ta sake tonawa ɗaya gefen, ta ciro ɗan'uwansa.

Ta kwance bakin zane ta jera su kusa da na takarda. Girma ya ɗan bambanta, amma dangi ɗaya ne. Abin takaici ma, ta san su. Sau nawa ta tofar da irinsu tana cin kan kifi a gida, ba ta taɓa tambayar ko mene ne ba?

Ta daɗe a tsaye. Ta jiyo Kamalu yana sa takalmi. In ta yi shiru, ba mai sani har abada, Mamadu ba zai tona ta ba. Sai dai a kori wata, ko a kori uban jikanta. Ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta karɓi yaron daga hannun uwarsa, ta fito falo ta tsaya, fuskarta ga taga.

"Maigida, ka ce wa babanka kada ya kai ƙarar ƴar mutane. Akwatinsa yana Montreuil, wurin malami. Kakarka ce ta aika. Ta ɗauka sammu ne."

Ba wanda ya motsa. Takalmi ɗaya a ƙafar Kamalu, ɗaya a hannu. Ya dubi yaron.

"Ka tambayi Hajiya... an buɗe?"

"Ka ce masa an ce a warware ɗaya bayan ɗaya."

Aka kira Mamadu, talho a kashe, ya shiga wurin aikin gini. Malam kuwa ba wanda yake da lambarsa. Kamalu ya nufi ƙofa. Hajiya ta miƙa wa Zainabu yaron, ta yafa mayafi.

"Ka ce masa da ni za a tafi. Ba za a ba shi ba sai an gan ni."

A jirgin ƙasa babu ɗan aike. Ya zauna a wancan gefe, ita a wannan, kowa yana kallon tagarsa. Gonaki suna ta wucewa, shanu farare ƙatta, ba ta ga ko ɗaya ba. A tsakiyar hanya ya tashi ya sayo shayi, ya ajiye a kan ɗan teburin gabanta ba tare da ya dube ta ba. Ba ta iya sha a gabansa, ba ta kuma iya ƙi. Ta riƙe kofin har ya huce. A Paris ya riƙa tafiya gaba, yana waiwaye da gefen ido, in ta makara a matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya tsaya kamar mai gyara igiyar takalmi.

Foye ɗin ya cika da hayaniya. A tsakar gida ana gasa masara, teloli suna ta taka keke, ƙamshin miyar gyaɗa na tashi daga manyan tukwane. Suka tarar da Mamadu ya dawo, da ƙurar siminti a gira. Ya ga yayarsa da surukinta tare, su biyu, ya yi mamaki. Ya kai su ɗakin Malam Soumaïla, wani dattijo siriri mai fara'a, ɗaki mai gado uku. Aka gaisa, aka gaisa, Kamalu yana amsawa idonsa yana yawo a ɗakin.

"Hajiya, ai aiki ya yi nisa," in ji Malam da murna. "Na jima ina wannan harka, ban taɓa ganin hatimi irin wannan ba. Ko sunan Allah babu a ciki, lamba zalla."

Ya jawo wata roba daga ƙarƙashin gadonsa. Ruwa ne da ganyen magarya, a ƙasa kuma fararen duwatsu sun kwanta, sun gauraye kamar tsakin gero. Kusa da ita gwangwanin madara cike da toka.

"Takardun fa, Malam?" in ji Kamalu.

"Na ƙone su mana. Ai a nan dafin yake."

Kamalu ya durƙusa a gaban robar. Ya sa yatsa a ruwan, ya cire. Mamadu ya yi wa Malam bayani a kunne, fara'ar dattijon ta riƙa gushewa kaɗan-kaɗan.

"Subhanallahi. Kifi? To ai... tsaya, ɗana. Ban gama ba. Aikin shara ya riƙe ni, na bar sahun ƙasa sai Juma'a."

Ya ɗauko akwatin daga saman kabad. Kamalu ya buɗe. Hawan sama duka babu, na ƙasa yana nan a jere, ba a taɓa ba. Ya bi su da yatsa a hankali, bakinsa na motsi.

Hajiya tana tsugune a bakin ƙofa. Ta dubi Mamadu, ko zai kai mata saƙo, Mamadu ya kau da kai. Sai ta yi magana, ba da bango ba, ba da taga ba.

"Na ruwan nan, in an tsame an shanya, ba su yi?"

Kamalu ya sunkuyar da kai. "Ba su yi, Hajiya. Dutsen lafiyarsa lau. Amma ban san na wane kifi ne ba, ban san inda aka kama shi ba. In na kai haka, masu jirage za su ce a kasuwa na tsinto."

"Wanda ya rage fa?"

"Na shekarar farko ne. Zai hana a kore ni. Ba zai isa taron bana ba."

"To sai yaya?"

"Sai na koma teku. In an yarda mini."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Rani guda, ko ya fi."

Ya tashi ya ce a gafarce shi, akwai wadda zai ba haƙuri. Ya fita da talho. Ta ƙofa suka riƙa jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, yana magana yana tsayawa, ya daɗe yana saurare. Malam ya rasa abin yi, ya hau tsame ganyen magarya daga robar yana ta istigfari.

Hajiya ta yi lissafinta. Rani guda, yarinya da ɗanyen goyo, hawa na uku, a garin da maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci. Ita kuma tikitinta na komawa yana cikin jaka, ana gama arba'in, ga bikin ƴar ƙanwarta yana jira, ga awakinta a hannun mutane.

"Mamadu."

"Na'am, Yaya."

"In mutum yana son ya ƙara zama a ƙasar nan, ina ake zuwa?"

"Prefektir, ofishin takardun zama. Layi ne tun asuba, cikin sanyi, kuma ba lalle su ba ki ba. Ke da kika ce ko da kuɗi aka haɗa ki ba ki kai hunturu a nan?"

"Ban tambaye ka abin da na ce ba. Ka bugo gida. Ka ce wa ƴar'uwarmu Aïcha ta riƙe makullin ɗakina, ta sayar da bunsurun, ta bar matan. Biki kuma su yi, Allah ya sa albarka."

Kamalu ya dawo, idonsa ja. Ya ce Carine ta ce ya kawo sauran labo yanzu, kafin a tashi, maganarsu kuma sai ta huce. Ya rufe akwatin, ya rungume shi. Hajiya ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta gyara mayafi.

"Mu je," ta ce masa. "In kun gama, ka nuna mini inda ake bin layin."